Tambaya da amsa daga Damagaram: Buzu, azne, ƙabila da sauran sunayen da muke kiran mutane

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karo yawancinsu wuri ɗaya suka nufa, kuma na san dalili. Ranar 9 ga Agusta ta wuce, gidajen rediyo sun yi ta maganar ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa al'ummomin asali na duniya, kowane mai fassara da irin tasa Hausar.

Wata malamar lakwal daga Mirya: Malam, na ji wani gidan rediyo ya ce "ranar ƙabilun daji ta duniya", wani kuma ya ce "ranar ƴan gargajiya". Wanne ne daidai?

Malama, babu daidai ko ɗaya. Na farkon ma har raina ya ɓata. Mutanen da aka keɓe wa ranar nan, a ƙiyasin Majalisar, sun kai miliyan 476 a ƙasashe 90. A cikinsu akwai Sami, masu kiwon barewar ƙasar ƙanƙara a arewacin Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha, waɗanda ke da majalisarsu ta kansu a Norwe tun 1989. Akwai Mawori na Niyuzilan, da harshensu ya zama na hukuma tun 1987. Akwai Inuwit na Kanada da Girinlan da Alaska, akwai Masai na Kenya da Tanzaniya, akwai San na hamadar Kalahari. To wane daji ne ya haɗa waɗannan? Abin da ya haɗa su shi ne suna zaune a ƙasarsu kafin wani mai ƙarfi ya zo ya kafa mulki a kansu, sun riƙe harshensu da hanyar neman abincinsu, kuma an tura su gefe wajen maganar filaye da iko. Saboda haka a ce "ƴan asalin ƙasa", ko "al'ummomin asali". Shi ya fi kusa, kuma babu raini a ciki.

"Ƴan gargajiya" kuwa ba zagi ba ne, ɓatar da mai saurare ne. Ki je Kasuwar Dole ki ce yau ranar ƴan gargajiya ce, za a ɗauka ranar ƴan kokowa ce ko ta masu magani.

Tunda kin taɓo ƙabila, bari in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Kalmar Larabci ce, kuma a can babu ƙasƙanci a cikinta ko kaɗan. Ƙuraishawa ƙabila ce. A Suratul Hujurati, aya ta 13, Allah ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. Amma ki saurari yadda take fita a bakin wasunmu yanzu: "Ai ƙabila ya aura." "Maƙwabcinmu ƙabila ne." Wato kowa ƙabila ne, ban da mai maganar. Wannan salon daga kudu ya shigo mana, yaranmu kuma sun kwashe shi daga waya. Na san ba mu kaɗai ke da irin wannan kalma ba. Bafulatani na ce mana kaɗo, jam'i Haɓe, kuma wanda aka taɓa ce wa kaɗo cikin fushi ya san zafinta. Shi ya sa nake ganin wanda ya ɗanɗana bai kamata ya ɗanɗana wa wani ba. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Harshen da Batube na Tasker da Bagurmance da Buduma na bakin tafkin Cadi za su riƙa jin hukuma na magana da shi, dole masu shi su kula da sunan da suke kiran mutane.

Wani tela daga Sabon Gari: Me ake nufi da "nagge daɗi goma"?

Kirarin saniya ne, nagge kuwa Fulatanci ne. Nono, mai, nama, fata, ƙaho, taki, ka ci gaba da lissafi. Goman ba ƙidaya ba ce, yawa ake nufi.

Wani ɗalibin jami'a daga Garin Malam: Baba Malam, abokina ɗan Tanut ya yi fushi don na ce masa Buzu. Ni kuwa tun tasowata haka na ji ana faɗi. Laifi na yi?

Ɗana, ba ka yi da gangan ba, amma abokinka yana da hujja. Hausar dā ta raba abu biyu da mu yanzu muka cakuɗa. Akwai Abzinawa, mutanen Abzin, wato duwatsun da ke arewacin Agadas, su ne ƴaƴan gida masu raƙuma da takobi. Akwai kuma Buzu, jam'i Bugaje ko Buzaye, wanda asalinsa sunan bayinsu ne da barorinsu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riƙe wannan bambanci. Daga baya ne kalmar ta bazu ta rufe kowa da kowa mai naɗa rawani yana jin Tamajak. To ka ga inda ciwon yake, ta fuska biyu. Wanda kakanninsa ba bayi ba ne yana jin an sauke shi, wanda kuma kakanninsa suka sha bauta yana jin ana tuna masa abin da yake son a bari. Kar ka ɗauka tsohon labari ne: sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da ake hukuntawa.

Su da kansu Kel Tamajak suke cewa, ko Imajaghan. "Kel" na nufin "mutanen", shi ya sa kake jin Kel Ewey da Kel Geres. Wannan matsala ta suna ruwan dare ce. Inuwit sun ƙi sunan Eskimo da baƙi suka laƙaba musu, kuma Inuwit a harshensu "mutane" kawai take nufi. Sami sun ƙi Lap. Nan kusa da mu, waɗanda muke ce wa Bororo, masu rawar gerewol a ƙarshen damina, Woɗaaɓe suke kiran kansu. Ban ce ka goge Buzu daga bakinka ba, don da yawansu in suna Hausa da kansu suke cewa "mu Buzaye". Amma in mutum ya nuna maka ba ya so, magana ta ƙare. Ba kai za ka koya masa sunansa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu ba'a da Hausar Buzu ba su san yawan Tamajak da ke cikin tasu ba. Raƙumi daga wurinsu muka samo. Amale haka. Takobi nasu ne, takoba. Amawali, ɓangaren rawanin da sarakunanmu ke rufe baki da shi, amawal ne. Hatta takarda, wadda kake karatu da ita a jami'a, ta hannunsu ta iso mana, su kuma suna da rubutunsu na Tifinag tun kafin boko ya san hanyar Damagaram. A wurinsu namiji ke rufe fuska, mace ba ta rufewa, tanti kuma na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, da shi take tafiya in aure ya mutu. Gogensu mai tsirkiya ɗaya, imzad, mata ke kaɗa shi, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Aljeriya, Mali da Nijar. Haka abin yake ta wajen Fulani: baffa, gwaggo da kawu da kake kiran danginka da su, da burtali da shanu ke bi, duk daga Fulatanci suke. Ta wajen Barebari kuma, mu ƴan Damagaram ai ba sai an gaya mana ba: kasuwa, yarima, ciroma, galadima. Ka je ka ba abokinka haƙuri, ka tambaye shi yadda yake so a kira shi.

Wata Hajiya daga Zango: Sunan unguwarmu yana da alaƙa da "zangon karatu"?

Ƙwarai, Hajiya, kalma ɗaya ce. Zango wurin da ayari ke sauka ne, da kuma tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka. Unguwarku masaukin fatake ce a wajen ganuwar Birni. Har a Gana unguwannin Hausawa zongo ake ce musu.

Wani direba mai bin hanyar Agadas: Na ji ana cewa "gishiri na yi wa man gyaɗa dariyar rana". Haka ne?

Ba haka ba ne, man kaɗe ne, wato man kaɗanya. Cikakkiyar maganar ita ce: gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Wanda ya sa man gyaɗa a ciki ya kashe karin maganar, don man gyaɗa dama ruwa-ruwa yake, rana ba ta da abin da za ta narkar. Man kaɗe ne daskararre, rana ta taɓa shi ya zube. Gishiri kuma a rana ƙalau yake, ruwa ne ajalinsa. Ma'ana, kar ka yi wa wani dariya a ranar rauninsa, kai ma taka na nan tafe. Wanda ya fara faɗin maganar ya san kantun gishiri, ba na leda ba. Kai da ke bin hanyar arewa ka san ayarin Bilma sai damina ta ɗauke yake tashi. Su ɗauki gero, su keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, su dawo da kantu da dabino, sannan su gangaro Damargu da ƙasar Hausa su sayar su sayi hatsi. Kowa a cikin wannan ciniki yana da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi, manomi da gero, makiyayi da raƙumi, mutanen Kawar, wato yankin Bilma, da gishiri.

Wani matashi daga Magarya: Azne da arne da Bamaguje duk abu ɗaya ne? Kakata takan ce kakanninmu azna ne, amma a makaranta "arne" zagi ne.

Ɗana, kakarka ta fi ƴan makarantarku sanin Hausa. Azna, arna da anna kalma ɗaya ce, lafazi ne ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ainihin waɗanda ake nufi su ne Hausawan da suka riƙe addinin gado, masu kan gida da tsafin noma da buɗin daji, waɗanda ko sarki ya zo ya tarar da su, ya san ƙasar tana da masu ita. In za ka nemi misalin "ƴan asalin ƙasa" a cikinmu, ba sai ka je Kanada ba. Wajen Kano da Katsina Maguzawa ake ce musu. Masu tatsuniya na cewa daga "gudu" ne, wai sun guje wa salla ko zakka. Ra'ayin da ya fi rinjaye wajen masana shi ne daga Majusu ne, sunan da malaman fiƙihu suka sa musu don su zauna ƙarƙashin sarakunan Musulmi suna biyan jiziya. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano, ya fitar da bincikensa a 1946.

Ni Musulmi ne, ba bautar iskoki nake karewa ba. Abin da ba na so shi ne yadda aka mai da "arne" sandar dukan duk wanda ba a so, Kirista ne, baƙo ne, ko Musulmin da aka yi faɗa da shi a tasha. Wannan ɓarna ce ga ladabi, ɓarna ce kuma ga tarihi. Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Kyaftin Bule a watan Afrilu na 1899, sarauniyar azna ce. Ragowar wannan rundunar ce ta iso mana nan, aka gwabza a Tirmini a watan Yuli na shekarar, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Yaron da bai san azne ba sai a zagi, in aka ce masa Sarauniya ta azna ce, me zai fahimta? Ka zauna da kakarka tun tana da rai, ka rubuta abin da take faɗi da kalmominta.

Wata ma'aikaciyar ƙungiyar mata daga Gure: Muna raba awaki da sunan "habbanaye". Hausa ce?

Fulatanci ne, ƴata, haɓɓanaaye, daga kalmar ɗaurewa, wato dabbar da aka ɗaura wa wani. Makiyayi kan ba ɗan'uwansa da ya rasa dabbobi karsana, ya riƙe ta yana shan nono har ta haihu, a al'ada sau uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Da wannan ne ake tayar da wanda fari ya kwantar, kuma saniyar haɓɓanaaye an fi kula da ita fiye da ta gida, don kunyar mai ita. Ku rubuta ta da ɓ mai lanƙwasa. Kuma in baƙi masu ba da kuɗi suka zo, ku gaya musu daga ruga aka aro dabarar.

Wani ɗan kasuwa daga Matamai: Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari fa, me ake kiransa?

Taubasantaka, su kuma taubasai. Haka Fulani da Arawa. UNESCO ta karɓi wannan al'ada da sunan Nijar a 2014. Sai dai a lura, taubashi ne kaɗai ke da izinin wannan ba'a. Wanda ba ya cikin wasan in ya yi, zagi ya yi.

Wani wanzami daga Birni: "Wanzami ba ya son jarfa", mu ake zagi?

A'a, Sarkin Aska, ba ku kaɗai ba. Duk mai yi wa mutane abin da shi ba ya so a yi masa ake nufi. Jarfa kuwa ƴan ƙananan tsaga ce ta ado, ba tsagar gado irin ta Gobirawa ko Barebari ba, wadda ake gane gidan mutum da ita.