Wane batir zan jona wa filogin ƙaramin jirgina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin jirgin sama na rimot, na hannu, mai injin da ke shan metanol, amma mai shi bai haɗo mini da abin kunna filogi ba, wato filogin da ke yin zafi ya kunna mai a cikin injin. Na gwada cajar waya, filogin ya ƙone nan take. Ina da batirin babur mai bolt 12. In jona shi, ko sai na sayi wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan'uwa ajiye batirin babur ɗin nan, shi ma ƙona maka zai yi, har ya fi caja sauri. A cikin filogin akwai wata siririyar waya a murɗe, ta haɗin filatinum, wadda bolt 1.2 zuwa 1.5 kawai take ɗauka. Cajar waya bolt 5 take bayarwa. Sai dai duk da ƙanƙantar bolt ɗin, wayar filogin tana jan wuta sosai, wajen amfiya 3, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Aikin batir ɗin na ɗan lokaci ne. Zai sa wayar ta yi ja, injin ya tashi, sai a cire shi. Daga nan tururin metanol da ke taɓa filatinum, tare da zafin ƙunar mai, su ne ke riƙe wayar da zafinta har ka sauko da jirgin.

Abin da zan ce ka saya shi ne makunnin hannu mai batir ɗaya na NiMH, irin wanda ake yi wa caji, bolt 1.2, wanda ake maƙalawa a kan filogin. Ba shi da tsada, ba shi da wayar da za ta yi lilo kusa da farfela, kuma ba zai iya ƙona filogi ba ko da ka so. In ka samu mai ɗan agogo a bayansa, ƙara kuɗin ka ɗauka, domin allurarsa za ta nuna maka ko wayar filogin ta tsinke. Ka cika masa caji tun daren da za ka fita.

In kuwa dole sai da batirin bolt 12, to akwai fanel da ake sayarwa domin wannan aikin, wanda ke sakin wutar gutsi-gutsi, da maɓallin ragewa da ƙarawa. Ka fara daga ƙasa, filogin yana cire daga injin kana kallonsa, ka riƙa ƙarawa har wayar ta yi launin lemu mai haske. In ta fara fari, ka wuce gona da iri. Wani mai gyaran rediyo zai iya ce maka rizista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, ta isa. Lissafin yana fita a takarda, amma rizistar za ta zubar da zafin da ya haura wat 30, a gefen galan ɗin metanol, man da wutarsa da ƙyar ake ganinta da rana. Ban yarda da wannan dabarar ba ko kaɗan.

Tambaya: Malam, batirin tocila ƙarami ai bolt 1.5 ne. Me ya sa filogina ba ya yin ja da shi?

Amsa: Bolt ɗin daidai ne, ƙarfin ne babu. Da zarar filogi ya ja wuta, ƙaramin batir irin wannan sai ya durƙushe. Batirin LiPo kuma, wani nau'in batirin caji, ƙwaya ɗaya bolt 3.7 ne, kada ka kusantar da shi sai in makunnin yana da na'urar rage wuta a ciki.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 13 ne ke son ya riƙa tayar da injin da kansa. Me zan kiyaye?

Amsa: Hajiya, a bar shi ya koya, amma babba na tsaye. Da zarar an maƙala makunni, a ɗauka injin zai iya tashi ko ya yi harbi da ɗan motsi kaɗan, musamman in mai ya yi yawa a ciki. Saboda haka makunni shi ne na ƙarshe da ake sawa, bayan an ɗaure jirgin ko wani ya riƙe shi gam. A juya farfela da sanda mai roba ko sitata, ban da yatsa. In injin ya kama, yaron ya zagaya ta bayan farfela ya cire makunnin, kada ya miƙa hannu ta samanta, kuma hannun rigarsa ya kasance a naɗe.