Mangwaron Cikin Gari Ba Ya Bin Agogon Na Gona

Wani magidanci daga Jekadafari a cikin Gombe ya aiko da tambaya. Ya ce mangwaron tsakar gidansa da na gonarsa ta Kwami iri ɗaya ne, dashen shekara ɗaya, amma na gona yakan cika da fure tun Disamba, na gida kuwa sai wajen Fabrairu yake ɗan taɓukawa, wasu rassan ma ganye kawai suke fitarwa. Ko cuta ce ta kama shi?

Malam, lafiyarsa ƙalau. Abu biyu ne ke sa mangwaro fure a ƙasarmu: sanyin dare na hunturu da ƙishirwa. Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba, ƙasa ta bushe, sannan dare ya riƙa sauka ƙasa da digiri 20, musamman wajen 15, sai itacen ya daina toho, kan rassansa su juya zuwa fure. To, gari yana ƙwace masa duka biyun.

Ka gwada da kanka. Bayan sallar isha'i ka ɗora tafin hannunka a katangar gidanka ta yamma, za ka ji ɗumi kamar murhun da aka sauke wa tukunya. Bulo da kwalta da daɓen siminti suna shan rana yini guda, sai dare ya yi su riƙa amayar da zafin a hankali. Shi ya sa bambancin gari da ƙauye ya fi fitowa da dare. Manomin Kwami yana jin ɗumin wuta da asuba, kai kana kwance da mayafi ɗaya. Tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha a 1996 gini yake cin fili, kuma kowane daɓe da aka yi ƙari ne a kan wannan ɗumin.

Sai ƙishirwa. Ban ga gidanka ba, amma da wuya idan ba a gindin itacen ake alwala da wanke-wanke ba, ko kuma kwata ta bi ta kusa da shi. Mangwaron da ke shan ruwa kullum bai san rani ya shigo ba. Ka ga jan tohon nan mai laushi yana fitowa a Nuwamba? Wannan reshen ka cire rai da furensa a kan lokaci, don sai reshe ya yi watanni ya ƙosa yake fure.

A ƙasashen sanyi abin juyawa yake yi, ɗumi ne ke tayar da itatuwansu. A birnin Kiyoto na Japan, inda aka fi shekara 1,000 ana rubuta ranar da itacen ceri ke cika da fure, a 2021 ya cika tun 26 ga Maris, da wuri fiye da duk abin da ke rubuce kafin nan. Su zafin gari gaggawa yake sa musu, mu kuwa jinkiri yake jawo wa mangwaronmu.

Kuma jinkirin ba ƙaramar asara ba ce. 'Ya'yan da suka ƙulla a makare suna ƙanana zafin Maris da Afrilu zai same su, su yi ta zubewa. Waɗanda suka tsira su nuna cikin ruwan farko, lokacin tsutsa da baƙin tabo.

Abin yi: daga Oktoba ka karkatar da ruwan wanke-wanke, kada ka ba shi ko bokiti ɗaya sai 'ya'yan sun kai girman ƙwayar gyaɗa. Takin yuriya a ƙarshen damina ganye kawai yake haifarwa, taki a ba shi bayan an gama tsinka. Rage rassa ma a yi shi nan take, Mayu ko Yuni. Idan daɓe ya shaƙe gindin, ka fasa aƙalla mita ɗaya zagaye, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. Wannan shawarar ta itacen da ya girma ce. Dashen da bai wuce shekara uku ba kuwa, a ci gaba da ba shi ruwansa.

Wata baiwar Allah mai sana'ar daddawa a Tumfure ta ce ɗorawar da suka gada tana nan tsaye, amma tun da gidaje suka kewaye ta kalwar da take samu ta ragu sosai.

Hajiya, saiwar ɗorawa tana tafiya nesa da inuwarta. Masu haƙa harsashin gini sun datse wasu, manyan motocin yashi sun danne ƙasar, ruwan sama kuma maimakon ya nutse sai ya gangara kwari, irin gudun ruwan da ke ƙara mana zaizaya a Gombe. Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba: jan furen nan mai kama da ƙwallo da dare yake aikinsa, kuma jemagu ne kan gaba wajen kai masa ƙurar barbara. Idan an sare itatuwan da suke kwana, yara kuma suna bin su da danƙo, fure zai yi yawa, 'ya'ya kaɗan. Ki roƙi maƙwabta su daina ƙona shara a ƙarƙashinta, musamman daga Janairu zuwa Maris, a kuma yi mata 'yar kunya da za ta tare ruwan damina.

Wani matashi daga Kumo ya tambaya ko tohon kuka ya isa alamar fara shuka, kamar yadda kakansa ke yi.

Ɗana, kakanka kukar daji yake dubawa. Wadda ke bakin famfo ko kusa da lambatu tana iya toho da wuri, kada ta yaudare ka. Ka saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, sannan bayan ruwa mai ƙarfi ka tona ƙasar gonarka. Idan laima ba ta kai zurfin tafin hannu ba, irinka ya ƙara kwana a buhu.