Tambayi Bashmuhandis (Babban Injiniya): Na iya aikin, amma bakina na mutuwa a gaban manya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Maiwurno ne a ƙasar Sudan. Ina shekara ta huɗu a fannin injiniyan ruwa a Jami'ar Jazira yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Da abin ya iso Madani, garin da jami'ar take, a Disamba, sai na tafi Kasala wurin kawuna, wanda ke haɗa wa masu lambu famfon sola a rijiyoyinsu. Kusan shekara biyu ina hannunsa. Yanzu karatu ya dawo, zan kare aikina na kammalawa a gaban malamai, kuma burina in yi aiki da ƙungiyoyin da ke samar da ruwa. Damuwata baki. Kwanaki wasu baƙi uku suka zo duba wata rijiya da ni na haɗa ta da hannuna, suka ce in yi bayani, sai Larabcin ya watse, Turancin ya gudu, kawu ne ya karɓe ni. Shin in shiga makarantar Turanci? Kuma aikin kawu ya isa a sa shi a takardar neman aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa kawunka buɗi, don ya ba ka abin da aji bai ba ka ba.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, ita ce mai sauƙi. Sa shi, kuma sa shi a sama. Sai dai kada ka rubuta "na taimaka wa kawuna". Rubuta rijiya nawa ka haɗa, zurfinsu, ƙarfin famfon, faifan sola nawa, faddan (ma'aunin faɗin gona) nawa kowace ke shayarwa. In ba ka riƙe lissafin ba, zauna da kawu ku tuno tun ƙwaƙwalwa ba ta saki ba, ka ɗauki hotunan waɗanda ke kusa. Daga yau kuma ka sayi ƙaramin littafi na aljihu, duk aikin da ka taɓa ka rubuta kwanan wata da abin da ka auna.

Maganar baki kuwa, ban yarda cewa Turanci ne ciwonka ba. Ka ce har Larabcin da ka tashi da shi ya watse. Mutum ba ya manta yaren da yake sayen agashe, wato tsire, da shi a kasuwa. Abin da ya faru, ka tsaya gabansu da kaya goma a ka, ba ka san wanne za ka fara saukewa ba.

Ni ma na sha wannan ruwan. Farkon aikina a gonakin Jazira, aka tura ni in yi wa manoma bayanin dalilin da ruwa ya yi musu jinkiri. Na je da zane a nannaɗe, na shimfiɗa shi a ƙarƙashin bishiya, na aza duwatsu a kusurwoyinsa don iska. Na faro tun daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925, na biyo babbar magudana, na zo kan lakar da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga tsaunukan Habasha da damina tana cike ƙananan magudanai. Duk gaskiya na faɗa. Wani dattijo mai farin rawani ya bari na kai aya, sannan ya nuna busasshiyar Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki, da sandarsa ya ce, "Bashmuhandis, gyaɗata ta kwana tara ba ta sha ba. Ranar yaushe ruwan zai shigo nan?" Amsar tana hannuna, ranar Talata ce, amma na binne ta a ƙarƙashin zance. Har yau ina jin nauyin wannan tambayar, domin mutumin amfanin gonarsa yake kallo yana ƙonewa.

Saboda haka kafin ka buɗe baki a ko'ina, tambayi kanka: wannan da ke gabana, wace shawara zai yanke da abin da zan faɗa? Ita za ka fara ba shi. Baƙin nan uku ba tarihin rijiyar suka zo ji ba. So suke su san ruwa nawa take bayarwa, gona nawa take ɗauka, nawa ta ci. Ɗauki misali. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. In kana so ruwa ya kwanta masa santimita 10, kana buƙatar kubik mita 420. Famfon da ke zuba kubik mita 30 a awa zai yi wannan a awa 14, wato wuni biyu na rana mai kyau. Da ka ce musu, "Rijiyar nan tana shayar da faddan ɗaya a wuni biyu, ba ta shan ko ɗigon dizal," da ka gama rabin aikin, sauran su za su riƙa jawo shi daga bakinka da tambaya, kai kuma ka san amsar tunda kai ka ɗaura bututun.

Ga abin da nake so ka yi kafin ranar kare aikinka. Yi wa mahaifiyarka bayaninsa da Hausa cikin minti uku. Duk inda ta ce "me kake nufi?", to nan ne kai ma ba ka gama fahimta ba, koma ka gyara. Sannan ka faɗe shi da Larabci, ka naɗa a waya, ka saurara. Za ka ji inda kake gudu, da inda muryarka ke nutsewa. Sai na ukun da Turanci, gajerun jimloli, ko da ashirin ne kacal. Maimaita har harshenka ya san hanya ko da gabanka na faɗuwa. In malami ya jefo tambayar da ba ka sani ba, ka ce ba ka auna wannan ba amma ga yadda za ka auna shi.

Makarantar Turanci, in da hali, shiga, domin rahoton ƙungiyoyin nan yawanci da shi ake rubutawa. Amma ka nemi wadda za ta sa ka yin magana da rubutu, ba haddar nahawu ba. Kafin nan, duk mako rubuta shafi ɗaya kan aiki guda da ka yi: abin da ka tarar, abin da ka yi, abin da ya rage.

Kuma kada ka ɓoye Hausarka a takardar. Daga Sinnar zuwa Damazin, daga Gadarif zuwa Kasala, akwai manoma da mata masu ɗiban ruwa da ba za su faɗa wa baƙo ainihin abin da ke damun rijiyarsu ba sai da ita. Rubuta ta a jerin harsunanka, kusa da Larabci. In ka kare aikin, rubuto ka faɗa min tambayar da ta fi ba ka wuya. Ka gaishe min da kawu.