Hukuncin Hafsan Sojan Ruwa Ya Yi Alƙalanci a Kotun Soja

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni hafsa ne a rundunar sojan ruwa ta Najeriya, kuma na karanta lauya. Yanzu ana sa ni zama a kotun soja, ina ba ta shawara kan doka. Wani abokina ya ce wannan hukunci ne da abin da Allah bai saukar ba, har albashina ma haramun ne. Hankalina ya tashi. In ajiye aikin ne?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, kada ka ajiye aikinka. Zamanka a wannan kotu ya halatta bisa sharuɗɗan da zan ambata, albashinka kuma halal ne.

Abokinka ya dogara da aya ta 44 cikin Suratul Ma'ida, kuma akwai malamai na gari da suka hana shiga alƙalancin dokokin da mutane suka rubuta. Ba na raina maganarsu. Sai dai mu dubi abin da ake kawowa gabanka tukuna. Galibinsa laifin ladabi ne: kurtu ya gudu daga bakin aiki, wani ya yi barci a wurin gadi, wani ya ƙi bin umarni, wani ya sayar da man jirgi, wani ya karɓi na goro ya kau da ido ɓarayin ɗanyen mai suka wuce a mashigan Neja Delta. Shari'a ba ta yanke wa ɗaya daga cikin waɗannan haddi ba. Babin ta'aziri ne, wanda aka bar wa shugaba ya ƙaddara gwargwadon maslaha, kuma mazhabar Malikiyya ta fi sauran faɗaɗa wannan babi. Wanda ya hukunta maci amanar rundunar bai saɓa wa wahayi ba, domin aya ta 161 a Ali Imrana ta yi wa mai ha'incin dukiyar mayaƙa gargaɗi mai tsanani.

Haɗa alƙalanci da aikin ruwa ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Asad bin Furat, almajirin Imamu Malik kuma alƙalin Ƙairawan, shi ya jagoranci jiragen da suka tashi daga Susa zuwa tsibirin Sisili a shekara ta 212 bayan Hijira, can kuma ya rasu.

Inda maganar ke da wuya shi ne laifuffukan da shari'a ta riga ta yanke musu hukunci, kamar kisa da sata da fyaɗe, don Dokar Rundunonin Soja ta ba kotunku ikon sauraren su. A nan ina tare da malaman da suka kafa hujja da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya nemi riƙe taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa. Ibnu Taimiyya ma ya halatta wa mutum riƙe muƙami idan zamansa na rage zalunci, tashinsa kuma na ƙara shi. Ba kai ka rubuta dokar ba, ba ka da ikon sauya ta daga kujerarka. Abin da ke kanka shi ne ka ƙudurta cewa hukuncin Allah shi ne mafifici, ka kuma kare haƙƙi iyakar ƙarfinka.

Amma gaskiyar magana, abin da nake ji maka tsoro ba shi abokinka ya faɗa ba. Kotun soja kwamanda ne ke kafa ta, shi ke zaɓen shugabanta da mambobinta, kuma hukuncinta sai na sama ya tabbatar da shi. Hannun da ya zaunar da kai a kujerar shi ne ke rubuta rahoton ƙarin girmanka, shi ke iya jefa ka Kalaba ko Yenagoa gobe. Ranar da za a kira ka gefe a ce “oga na son a gama da yaron nan”, ranar ce jarrabawarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a aljanna, kuma cikin na wutar akwai wanda ya san gaskiya ya karkace. Ya kuma ce game da kwamandan da ya umarci mutanensa su faɗa cikin wuta: biyayya sai a cikin abin da yake daidai. Ka sara wa na sama a fareti, amma a zauren shari'a babu oga sai hujja.

Kada kuma ka ce ai kai ba ka jefa ƙuri'a, shawara kawai kake bayarwa. Mambobin kotun yawanci ba lauyoyi ba ne, abin da ka taƙaita musu shi suke ɗauka. Idan ka ɓoye wata kariya da doka ta ba wanda ake tuhuma, kai ma ka sa hannu a zaluncin.

Sai batun jini. A 2014 kotunan soja sun yanke wa sojojin ƙasa 12 hukuncin kisa kan boren barikin Maimalari a Maiduguri, sannan wasu 54 kan ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuwa suna kukan ba a ba su isassun makamai ba. A Disamba 2015 aka mayar da hukuncin su 66 ɗaurin shekara 10. Da an gaggauta harbi, wa zai dawo da su? Gudu daga fagen fama yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, amma aya ta 66 a Suratul Anfal ta yi la'akari da raunin mayaƙa. Saboda haka duk inda doka ta ba da zaɓi tsakanin kisa da abin da bai kai shi ba, kuma akwai shubuha, ka fito da ita fili ka rubuta ta a rikodin kotu, don Kotun Ɗaukaka Ƙara ta gani.

Ka daidaita kurtu da hafsa a fuska da mazauni, Musulmi da Kirista, ɗan garinku da wanda ba ka jin yarensa. Kada ka zauna shari'a kana cikin fushi. Kada ka karɓi kyauta daga wanda ke da ƙara a gabanka. Idan aka matsa maka ka sa hannu a abin da ka tabbata zalunci ne, ka nemi a cire ka daga wannan shari'ar ko da zai jawo maka jinkirin muƙami. In kuwa ka ga matsin ya zama kullum kuma ba ka iya tsayawa, to nan ne neman sauyin wurin aiki ya wajaba a kanka.

Allah ne Mafi sani.