Muryar da aka turo guruf: sababbin manyan hedfon da ake jira

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta yi ƙasa ya bari sai da safe.

Ƙanena mai sitidiyo a Pantami, kai nake amsawa. Ka ce kana ta ganin hotunan da kamfanoni ke ɗan leƙo da su na manyan hedfon da za su fitar, irin na masu kunnen sauti, kana tambaya yaya nake ganin za su kasance a siffa da sauti da kuɗi, kuma wai ka riƙe abin da ka tara ka jira su, ko ka sayi abin da ke kasuwa yanzu. Alhajinmu na Tumfure shi kuma ya ce a bar dogon zance, a gaya masa nawa ne kawai. To Alhaji, ina zuwa kanka.

Wallahi ni ma ina ɗokinsu. Duk hoton da ya fito sai na buɗe shi na ƙara masa girma ina duba raga da madauri. Kuma wanda ya bi sawun kamfanonin nan zai iya hango inda suka dosa, tunda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Maganar siffa, abin da nake sa rai shi ne sauƙin nauyi. Ka duba Audeze na Amurka. LCD-4 ɗinsu wajen giram 700 ne, ka sa shi a ka awa biyu wuyanka ya gaya maka. Da suka tashi fitar da LCD-5 a 2021 sai suka sauko da shi giram 420, suka yi jikin da magneziyam, madaurin da zaren kabon. Focal na Faransa ma Utopia ɗinsu giram 490 ne, da kabon a jiki da fatar ɗan rago a katifar kunne. Don haka duk wanda zai fito nan gaba yana neman dubban daloli, ba zai yarda ya yi nauyin da ba. Sannan za su ci gaba da zuwa da buɗaɗɗen baya, wato bayan kofin kunnen raga ce iska na shiga tana fita. Wannan ba sabon abu ba ne, Sennheiser na Jamus ne ya fara shi da HD 414 tun 1968. Amma yanzu buɗewar ta kai inda ban zata ba. Hifiman a 2024 sun fitar da Susvara Unveiled, suka cire ragar bayan gaba ɗaya, injin sautin a fili yake, sai wasu murafe masu maganaɗisu da kake mannawa in ka gama ji. Riƙe wannan a ranka, don za mu dawo kansa in an zo maganar ƙurar Gombe.

To sauti. Nan ne zan ɗan zauna, saboda nan ake ruɗin mutane.

Duk hedfon ɗin duniya abu ɗaya yake yi: akwai wata siririyar fata a ciki da take kaɗawa tana tura iska zuwa kunnenka, kamar fatar ganga. Bambancin shi ne me ke kaɗa ta. Na farko, wanda kowa ya sani, kwayil ne a manne da fatar yana zaune cikin maganaɗisu, irin na lasifikar da kake gyarawa. Shi ne a cikin HD 600 da HD 800 na Sennheiser da Utopia. Focal sun yi nasu da ƙarfen beriliyam don ba shi da nauyi kuma ba ya lanƙwasa. Na biyu, fatar shimfiɗaɗɗiya ce, an zana siraran layukan wuta a kanta, jerin maganaɗisu a gefe, sai duk faɗinta ya motsa tare. Shi ne na Audeze da Hifiman da Meze na ƙasar Romaniya. Bes ɗinsa, wato sautin nan mai kauri, yana sauka ƙasa sosai ba tare da ya kumbura ya danne murya ba. Na uku shi ne na Stax na Japan, waɗanda suka fara sayar da irinsa tun 1960. Babu maganaɗisu ko ɗaya. Fatar ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ana ɗora mata cajin wuta na bolt 580, ta tsaya tsakanin faranti biyu masu huji, su ne ke janta suna turata. Shi wannan ba ya shiga waya ko kwamfuta, sai da amfilifaya tasa ta musamman, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Ka lura, duka ukun sun tsufa. Wanda zai fito gobe, ɗaya daga cikinsu zai ɗauka ya ƙara sirantar da fatar, ya sake tsarin maganaɗisu, ya gyara katifar kunne. Gyaran yana da daɗi, ana jinsa, amma taki ɗaya ne, ba tsalle ba. Misalin da nake yawan bayarwa HD 800 ne. Ya fito a 2009 da injin milimita 56, an karkatar da shi yana fuskantar kunne daga gaba, shi ya sa sautinsa ke da faɗi har yau ana kwatance da shi. Amma mutane suka yi ta kukan cewa yana da wani kaifi a wajen kilohaz 6 (kilohaz ma'aunin sirantar sauti ne), harafin "s" da "ts" suna sukar kunne. Shekaru suka shuɗe kafin HD 800 S ya zo, kuma babban abin da aka ƙara shi ne ɗan abin da ke shanye wannan kaifin. Ka ga irin tafiyar. Haka nake sa ran sababbin za su zo, a rage kaifi a sama, a ɗan ƙara nauyi a ƙasa.

Dalilin da ya sa na ce a ƙara nauyi a ƙasa, akwai binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, inda suka riƙa sa mutane su ji hedfon ba tare da sun ga sunansa ko kuɗinsa ba. Aka gano yawancin mutane sun fi son a ɗan ɗaga bes, a kuma bar tudun nan na wajen kilohaz 3 inda murya ke fitowa sarai. Yanzu da hedfon ya fito masu awo za su ɗora shi a kan na'ura su gwada shi da wannan ma'aunin, su watsa a intanet. Kamfani ya san haka, ba zai so a ga nasa ya kauce da yawa ba. Shi ya sa nake ganin manyan suna ta matsowa kusa da juna a sauti.

Kuma kada wani ya ce duk yaudara ce, a'a. Na taɓa ɗaukar wani mai kalangu a sitidiyo, da na zo tacewa sai wani bawan Allah da ya dawo daga waje ya ara mini HD 800 S. Ƙanena, na ji ƙarar igiyoyin nan lokacin da ya matse kalangun a hammata, kafin sautin ya hau. Na ji inda ya ja numfashi, na ji 'yar sandar ta goga gefen fata ba tsakiya ba. Har na ji fankar silin ɗin da muka ɗauka mun rage ta isa. Duk suna cikin faifan tun farko, hedfon ɗina ne bai nuna mini ba. Wannan abin shi ake biya, kuma ina girmama shi.

To Alhaji, ga kuɗi. HD 800 ya fito a kan wajen dala 1,400, a lokacin ana ta ihu an yi tsada. Utopia ya zo a 2016 a kan dala 4,000, da aka sabunta shi a 2022 ya koma 5,000. Susvara na farko a 2017 dala 6,000, wanda aka cire wa raga 8,000. LCD-5 dala 4,500. Stax SR-X9000 ya haura 6,000, ban da amfilifaya. In kuma ana maganar na sarauta, Sennheiser HE 1 na 2015, mai gindin dutsen marmara da kwalaben wuta masu tasowa in an kunna, wajen dala 55,000 aka sa masa. Ka ga layin bai taɓa kallon ƙasa ba. A lissafina, duk babban da zai fito a kira shi shugaban gida, ka sa ranka tsakanin dala 4,000 zuwa 8,000. Ɗauki 5,000 ka buga ko da a kan naira 1,500, kuɗin da dala ta haura a 2024, miliyan 7 da rabi ke nan. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa kwastam ba, ba a sa amfilifayar da za ta tuƙa shi ba. Susvara na farko om 60 ne (om ma'aunin yadda yake turje wa wuta ne) amma ƙarfin jinsa desibel 83 kacal, wato mayunwacin wuta ne, in ka sa shi a waya sai ka ji kamar ana raɗa. Akwai masu haɗa shi da amfilifayar lasifikar ɗaki dungurungum.

Yanzu mu dawo gida, don masu ƙera su ba Gombe suke tunani ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka san yadda hazo ke yi mana. Ni ko HD 600 ɗina, in na ɓalle katifar kunnen a lokacin hunturu, sai na ga soson da ke rufe injin ya koma ja-ja, in na kaɗa shi a tafin hannu ƙura ta tashi. To shi injinsa yana da kariya. Ka ƙaddara wanda bayansa a buɗe yake tsirara, ga maganaɗisu mai ƙarfi yana jawo duk ɗan ɓarɓashin ƙarfe da ke cikin iska. Na Stax kuwa ƙura da laima ne abokan gabarsa, ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakanin fata da faranti sai ka fara jin tsuwa ko ɓangare ɗaya ya rage ƙarfi. Sai kuma zafin Maris da Afrilu, katifar fata a kunne, gumi na tsiyaya, ba da jimawa ba ta fara saɓulewa, kuma katifar manyan nan kaɗai tana iya cin kuɗin ƙaramin hedfon sabo. Ga wuta mai hawa da sauka, ga janareta. Amfilifayar miliyoyi ba a jona ta haka kawai, sai da inbata mai tsabtar wuta. In kuma ya lalace, ba mai buɗe shi a Babbar Kasuwa, ko Kano ko Legas da wuya, sai dai a mayar da shi inda ya fito.

Akwai kuma abin da ya shafi aikinka kai tsaye. Buɗaɗɗen hedfon ba a ba mawaƙi shi a gaban makirfo, kiɗan zai zubo ta raga ya shiga cikin muryar. Kuma in mai Keke Napep ya danna oda a bakin titi, kai tsaye za ka ji shi. Don ɗaukar murya rufaffe kake buƙata, irin Sony MDR-7506 da ke aiki a gidajen rediyo tun 1991, ko DT 770 na Beyerdynamic. Buɗaɗɗen na tacewa ne, da dare in gari ya yi shiru.

Saboda haka shawarata, kada ka daskarar da kuɗinka kana jira. Amma ka ci gaba da bibiya, domin fitowar sabo tana amfanar irinmu ta bayan gida. Da ya fito, masu kuɗin can za su sako tsofaffin nasu kasuwar na hannu, farashi ya faɗo. Sannan fasahar tana gangarowa. Irin shimfiɗaɗɗiyar fatar nan da a da sai mai dubban daloli, Hifiman sun sa ta a Sundara a kan dala 500, daga baya ma suka rage. HD 650 na Sennheiser da ya fito a 2003, an sake fitar da shi a 2016 da sunan HD 6XX a kan dala 200. Shi kuma HD 600, tun 1997 ake yinsa ba a daina ba, giram 260 ne kawai, katifarsa ta yadi ce mai shan gumi, kuma komai nasa ana ɓallewa a sauya da hannu, igiya, katifa, madauri, har injin. A wurin murya, wadda ita ce rabin aikinmu, waƙa ce ko talla ko karatu, har yau ban ji abin da ya kunyata shi ba. Om 300 ne, saboda haka ka ware wani abu don ƙaramar amfilifaya, kada ka dogara da ramin laftof.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, da kai da yaran da ke zama da kai a sitidiyo. Hedfon mai kyau ba ya fasa sauti in an ƙure shi, shi ya sa mutum ke ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar da babba zai tsaya, kuma da ka ƙara desibel 3 lokacin ya ragu da rabi. In ka cire hedfon ka ji kunnenka na ƙara shiii, ka wuce gona da iri. Ka riƙa sauke shi kana hutawa.

Ranar Asabar bayan la'asar ina shago. Ka zo da aiki biyu ko uku da ka tace da hannunka, waɗanda ka san kowane lungu nasu, a filas, ba waɗanda aka turo ta WhatsApp ba don yana matse sauti. Za mu sa HD 600 da 7506 ka ji su ɗaya bayan ɗaya a ƙarfi iri ɗaya, sai ka yanke. Alhaji, kai ma in ka samu sarari ka biyo. Wanda ya yi tambaya kan amfilifaya da akwatin sauti, wannan sai wata muryar, in sha Allahu gobe. Mu kwana lafiya.