Jari rabi da rabi: idan abokin haɗin gwiwa ya ƙi sa hannu

Tambaya: Barista, kamfaninmu na casar shinkafa a Kano ya haɗa gwiwa da wani kamfanin dillanci na Legas. Mun yi wa sabon kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kowa na da kashi 50. Ina so mu sayi sabon inji, sun ƙi. Na ce su sayi kasona, sun yi gum. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, rabi da rabin nan shi ne ya ɗaure ku. A dokar kamfanoni ta CAMA 2020, ƙudurin yau da kullum sai da rinjaye, babban ƙuduri irin na sauya dokokin kamfani kuma sai da kashi 75. Babu mai rinjaye a cikinku, kowa na iya taka wa kowa birki. Ka fara duba takardar dokokin kamfanin da kuka kai CAC: ko ta ba shugaban taro ƙuri'ar raba gardama? Mutane da yawa suna sa hannu a kanta ba su karanta ba.

Ba za ka iya tilasta musu sayen kasonka don kawai kun saɓa ba. Za ka iya sayar wa wani, amma idan dokokinku sun tanadi abin da sashe na 22 na dokar CAMA ya ba dama, sai ka fara yi musu tayi.

Kotu na nan. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, kuma tana iya umartar a sayi kasonka idan ka nuna an danne ka, misali an hana ka ganin asusu. Ƙin sayen inji kaɗai da wuya ya kai matsayin danniya. Neman a rushe kamfani kuwa ban ba ka shawara ba. Injinan a arha za su tafi.

Tun kuna gaisawa, ku zauna ku rubuta yarjejeniyar masu hannun jari. A faɗi akantan da zai ƙiyasta kaso, da wa'adin biya, da sulhu a ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023. Akwai tsarin da ɗaya zai yanka farashi, ɗayan ya zaɓi saye ko sayarwa a kansa. Ka yi hattara da shi idan sun fi ka kuɗi a hannu.

Idan ka tsaya wa kamfanin a bashin banki da sunanka, sayar da kaso ba ya sauke maka wannan nauyi. Ka karɓi takardar saki daga bankin kafin ka miƙa kasonka.