Daga ina zan fara sauraron Don Williams?

Malam, tunda ka tambayi inda za ka fara, nemi Volume One na 1973, kundinsa na farko bayan watsewar Pozo-Seco Singers, ƙungiyar da yake waƙa a cikinta a da. A ciki akwai "Amanda", wadda Bob McDill ya rubuta. Ka saurara da kyau: jita ce da ganga a hankali, muryar nan mai kauri tana tafiya ba gaggawa. Daga nan sai "Tulsa Time" ta 1978, sannan "I Believe in You" ta 1980, wadda ta fi kowacce karɓuwa.

Kada ka dogara da tarin da ake turawa a waya, domin sau da yawa ana cakuɗa na dandali da na situdiyo, sautin kuma ya dusashe saboda matse fayil. Don Williams ya rasu a 2017.